Faretin 1 ga Oktoba ya raba kanmu a gida: mu sake kai yara baɗi ko mu haƙura?

Maman Husna

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Na bar kwana uku sun wuce kafin in kawo wannan magana zaure, domin ban so in rubuta ta raina yana ɓace. Ranar Talatar da ta gabata, 1 ga Oktoba 2024, da Najeriya ta cika shekara 64 da samun 'yancin kai, mun fita kallon fareti ni da maigida da surukata da yara uku, kuma abin da ya same mu daga safe zuwa dare ya sa har yanzu ni da maigidan ba mu daidaita ba.

Husna, babbar 'yata, shekararta goma sha ɗaya, tana aji shida na firamare, kuma tana cikin waɗanda aka zaɓa su yi wa makarantarsu maci. Mako uku suka yi suna atisaye bayan an tashi, har da koyon tsohon taken ƙasa da aka dawo da shi a watan Mayu na bana. Mahaifinta ya ɗinka mata sabuwar yunifom, ya saya mata farar safa da farin hijabi, ya kuma saya wa ƙannenta ƙananan tutoci. Saboda zumuɗi da tsoron makara, shayi kawai ta kurɓa da asuba, ni kuwa ban matsa mata ta ci abinci ba, kuma wannan shi ne kuskurena na farko.

An jera yaran a fili tun ƙarfe bakwai da rabi, aka ce za a fara da ƙarfe tara. Babban baƙo bai iso ba sai da rana ta kusa take tsaka, yara suna tsaye babu inuwa, manya suna zaune a ƙarƙashin rumfa. Da aka fara, 'yan sanda da masu badujala suka wuce, sannan makarantun sakandare. Saura makaranta biyu a zo kan tasu, na hango layinsu ya hargitse, malamarsu tana ɗaga hannu. Jikina ya ba ni tun kafin a faɗa mini. Na saki hannun Sadiq, ɗan shekara huɗu, na ruga, ina tsammanin mahaifinsa ya riƙe shi, shi kuma yana tsammanin na tafi da shi. 'Yan agaji sun yayyafa wa Husna ruwa ta farfaɗo, amma kafin ta iya miƙewa makarantarsu ta riga ta wuce gaban rumfa babu ita. Sai da muka dawo da ita wurin zamanmu ni da maigida muka tambayi juna ina Sadiq.

Kusan minti arba'in muka yi muna nemansa. Ba zan iya kwatanta muku wannan minti arba'in ɗin ba. A bakin ƙofa muka same shi wurin wata dattijuwa mai sayar da gyaɗa da ruwan leda, ta zaunar da shi a kan tabarmarta. Ta ce wani mutum ya zo ya ce ya san gidansu, ta hana shi yaron, ta ce ba za ta ba kowa ba sai wanda yaron da kansa ya kira da suna. Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri.

Da magariba ƙanin maigida ya zo da kwalin nokawut da 'yan sandunan nan masu tartsatsi, don yara su huce. Bayan isha muka fito tsakar gida. Wani nokawut da aka ƙyasta aka jefa bai tashi ba, Abba, ɗan shekara tara, ya je ya ɗauka don ya sake ƙyasta shi, ya fashe masa a hannu. Yatsu uku da tafin hannun dama suka ƙone. Hajiya, surukata, ta shafa masa man goge baki da ɗanyen ƙwai kafin mu isa asibiti, kuma wanke abin nan da aka yi a can ya fi ƙunar kanta sa shi ihu.

A daren maigida ya rantse da Allah cewa babu ɗansa da zai sake zuwa fareti, babu kuma wanda zai sake shigo masa da kayan wuta gida. A kan wutar na yarda da shi. Amma Husna kwana uku ke nan tana kuka, ba don ta suma ba, sai don ba ta wuce gaban rumfa tare da ƙawayenta ba, tana cewa baɗi a sakandare za ta rama. Ni zuciyata tana tare da ita. Ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Baban Khalifa

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Abba lafiya, ya kiyaye gaba. Hajiya, ki yi haƙuri, ni ina bayan maigidanki ɗari bisa ɗari. Ki duba labarinki da kanki: wane ne aka tanadar wa rumfa da kujera, wane ne kuma aka bari a rana awa huɗu? 'Ya'yan talakawa ne ake jerawa su zama ado ga mutanen da ba su ga darajar zuwa a kan lokaci ba, kuma da wuya ki ga ɗan ɗaya daga cikinsu a wannan layi. Ni tun 2010 na daina kai iyalina irin wannan taro. A ranar da ƙasar nan ta cika shekara hamsin, motoci biyu ɗauke da bama-bamai suka tashi kusa da Dandalin Eagle a Abuja, mutum akalla goma sha biyu suka mutu, ƙungiyar tsagerun yankin Neja Delta mai suna MEND ta ce ita ta yi. Bayan haka gwamnatin tarayya da kanta ta mayar da bikin cikin fadar shugaban ƙasa na wasu shekaru. Idan masu sojoji da 'yan sanda sun ga dacewar su shige gida, mu da ba mu da kowa sai Allah me zai kai mu cikin cunkoso da ƙananan yara? Husna za ta yi kuka ta gama, amma da Sadiq ya tafi da mutumin nan, kukan da ba ya ƙarewa ne.

Sista Mai Jinya

Maman Husna, sannu da wannan rana mai nauyi. Zan bar maganar zuwa ko rashin zuwa ga manya, in yi magana a kan abin da na sani, domin na shekara goma sha shida a ɗakin haɗari, kuma duk lokacin bikin Kirsimeti da sabuwar shekara da Sallah muna ganin hannayen yara irin na Abba.

Idan wuta ta ƙona mutum, abu na farko shi ne a tara wurin a ƙarƙashin ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, yana zuba a kai har minti ashirin. Idan babu famfo, a riƙa zubawa da buta ko moɗa. Dalili shi ne fata tana ci gaba da dahuwa daga ciki ko bayan an raba ta da wutar, kuma ruwan ne yake janye zafin. Kada a sa ƙanƙara, domin ita ma tana lalata fatar. A cire zobe ko awarwaro tun wurin bai kumbura ba, kada a fasa bororon da ya taso, a rufe da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya barin zare, a tafi asibiti. Ƙuna a hannu, ko fuska, ko gaɓa, ko al'aura, ba a jinyarta a gida ko da ƙarama ce, musamman ga yaro, saboda idan fatar yatsu ta warke a tamke, yatsun suna iya ƙin miƙewa. Man goge baki da ƙwai da manja da man inji duka suna riƙe zafi kuma suna shigar da ƙwayoyin cuta, sannan dole mu wanke su kafin mu ga zurfin raunin, wanda shi ne ihun da kika ji. Ki tabbata an duba katin rigakafinsa saboda sarƙe-haƙora, kuma idan an ce ya riƙa motsa yatsun, ki sa shi ya motsa ko yana kuka.

Sumar Husna kuwa ba ciwo ba ne. Idan mutum ya daɗe a tsaye wuri ɗaya cikin zafi, jini yana taruwa a ƙafafu, abin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, ga gumi ga yunwa. Har sojoji suna faɗuwa a fareti saboda haka. Maganinsa a kwantar da mutum a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, kada a ɗura masa ruwa a baki sai ya dawo hayyacinsa sosai. Idan ba ta taɓa suma a wani lokaci ba, hankalinki ya kwanta, amma idan ta sake ba tare da rana ko yunwa ba, ki kai ta a duba ta.

Tsohon Hedimasta

'Yata Maman Husna, na karanta labarinki sau biyu, kuma jikata ne yake buga mini wannan amsa. Ina aji uku na elementare lokacin da aka ba da mulkin kai a 1960. Mu a garinmu ba mu ga abin da aka yi a Legas ba, a rediyon hedimastanmu muka ji, daga baya muka ga hotuna. A filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, da tsakar daren 30 ga Satumba aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore da fari, aka yi wasan wuta a sama. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya Elizabeth, ta miƙa takardun mulki ga Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ita tutar, wani ɗalibi ne da ke karatu a Landan, Taiwo Akinkunmi, ya zana ta, da jar rana a tsakiya wadda alƙalan gasar suka cire, kuma bai rasu ba sai a 2023. Mu abin da ya iso mana shi ne 'yar tuta a jikin tsinke da shinkafa da nama, muka yi maci ba takalmi daga makaranta zuwa ƙofar hakimi. Na manta abubuwa da yawa na yarintata, amma wannan safiya tana nan a idona.

Saboda haka na fahimci kukan Husna, kuma ina roƙon Baban Khalifa kada ya raina shi. Yarinyar ba don babban baƙo ta yi atisayen mako uku ba. Ta yi ne don ta taka ƙafa ɗaya da ƙawayenta, iyayenta suna kallo, ta ji cewa ita ma tana da wuri a cikin ƙasar. Yaron da bai taɓa jin haka ba, da wuya idan ya girma ya ji ciwon abin da ake ɓatawa na jama'a.

Na shekara ashirin da biyu ina kai yara maci, ranar 27 ga Mayu da ranar 1 ga Oktoba, kuma abin da na koya shi ne yawancin wahalar daga wurinmu malamai take. Babu wanda ya ce dole yara su tsaya a layi tun safe. Ni nakan nemi gindin bishiya ko bayan katanga in zaunar da su, in aika malami ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, sai ya ji jiniya sannan mu tashi mu jeru, abin da bai fi minti biyar ba. Nakan sa a zo da randa ko jarka biyu na ruwa, kuma duk yaron da bai karya kumallo ba, sai ya ci ƙosai a gabana kafin ya shiga mota. An taɓa yi mini faɗa a kan cewa yarana suna zaune na wasu suna tsaye, na ce na ji, shekara mai zuwa na sake yi. Wannan abu ne da iyaye za su iya nema a taron iyaye da malamai ba tare da sun jira kowa daga sama ba.

Baban Khalifa

Baba, Allah ya ƙara girma, ban raina kukan yarinya ba, kuma da duk malamai irinka ne da ban yi magana ba. Amma zamaninku yaro yana ɓata a taro, duk garin ya san ɗan wane ne. Yau filin da zai ɗauki mutum dubu goma ƙofa ɗaya ake buɗewa, kuma babu wani teburi da aka ware inda uwa za ta je ta ce ɗana ya ɓace a sanar a lasifika. Abin da ya ceci Sadiq hankalin wata mai gyaɗa ne, ba tsarin kowa ba. Ni ba zan ɗora ran ɗana a kan sa'ar haɗuwa da irinta ba.

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum jama'a. Mu a Nijar ranaku biyu gare mu. Akwai 3 ga Agusta, ranar samun 'yanci a 1960, wadda ta faɗo cikin damina kuma aka mayar da ita ranar dashen itatuwa. Akwai kuma 18 ga Disamba, ranar da aka kafa jamhuriya a 1958, ita ce ta babban fareti. An yi shekaru ana zagayawa da ita jiha jiha: Dosso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, sannan mu a 2018, da aka kira bikin Zinder Sabuwa. An gyara hanyoyi, an yi gine-gine, mahaya dawaki da raƙuma sun fito tare da sojoji, kuma na kai iyalina duka.

Abin da nake so in ƙara shi ne kowane lokaci da irin haɗarinsa. Ku rana ce ta kayar muku da yarinya, mu a Disamba sanyi ake yi da iskar hunturu, komai ya bushe ƙayau. A daren bikin nan yaran unguwarmu suna ta jefa abin fashewa, ɗaya ya faɗa kan harawar da na tara a saman rumfa don tumakaina. Kafin mu ankara wuta ta kama zana ta nufi ɗakin mahaifiyata. Maƙwabta ne suka kashe ta da ƙasa da bokitai, babu wanda ya ji ciwo, amma abincin dabbobi na wata huɗu ya tafi, sai da na sayar da rago ɗaya na ciyar da sauran. Ban taɓa sanin ɗan wa ya jefa ba, ban kuma nema ba. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne faretin da wutar abubuwa biyu ne dabam. Faretin mun je mun dawo lafiya domin na rubuta lambar wayata a takarda na sa wa kowane yaro a aljihu, na kuma nuna musu wata bishiyar dogon yaro na ce duk wanda ya rasa mu ya tsaya a nan. Wutar kuwa a cikin gidana ta same ni ina zaune. Shi ya sa nake ganin maigidanki ya haɗa mai laifi da marar laifi a rantsuwa ɗaya.

Malamin Kimiyya

Ina so in yi bayanin dalilin da ya sa nokawut ɗin da bai tashi ba ya fi wanda ya tashi haɗari, domin yara da yawa a nan suke jin ciwo. Asalin duk kayan nan albarushi ne, wanda mutanen Sin suka fara haɗawa fiye da shekara dubu da suka wuce daga gawayi da ƙibiritu da wani gishiri mai ba wuta iska, kuma danginsa ne 'yan bindigar sarki suke ɗurawa a hawan Sallah. Da yake garin yana ɗauke da iskarsa a cikinsa, ba ya bukatar iskar waje kafin ya ci. Idan ya ɗan sha laima, ko an matse shi ba daidai ba wurin haɗawa, wutar takan yi ta ci a hankali a ciki babu hayaƙi babu ƙara, yaro ya ɗauka ta mutu, ya ɗauke shi daidai lokacin da ta isa cikin garin. Ƙa'idar ita ce wanda ya ƙi tashi ba a taɓa shi, a bar shi ya daɗe, sannan a kwara masa ruwa daga nesa.

'Yan sandunan tartsatsin da ake ba ƙananan yara a hannu saboda ba su da ƙara, zafinsu yana haura digiri dubu a ma'aunin Salshiyas, wato fiye da ninki goma na tafasasshen ruwa, kuma ƙarfen yana nan da zafi bayan ya mutu. Launukan da muke sha'awa a sama kuma gishirin ƙarafa ne: sitirontiyam ke ba da ja, bariyam kore, tagulla shuɗi. Na manyan bukukuwa ƙwararru ne ke harba su daga fili mai nisa da jama'a, abin da ba zai yiwu a tsakar gida mai taku goma ba. Masu shekaru za su tuna 26 ga Disamba 2012, da wani ɗakin ajiyar irin waɗannan kaya ya kama wuta a kasuwar Jankara a tsibirin Legas, ya ci gine-gine da dama, mutane da yawa suka jikkata. Ba banza ba rundunonin 'yan sanda na jihohi suke sanar da haramta su duk ƙarshen shekara, ko da yake kowa ya san a shagon unguwa ake sayar wa yara su.

Malam Na Bakin Kasuwa

Allah ya ba yaro lafiya. Ni ban ga aibi ga yara su yi maci cikin sutura ta mutunci ba, amma nokawut kuɗi ne ake cinna wa wuta, kuma Alƙur'ani ya yi gargaɗi mai tsanani a kan almubazzaranci a cikin Suratul Isra'i. Bayan wannan akwai haƙƙin maƙwabci. A layinmu akwai iyalin da suka taso daga wani ƙauye saboda 'yan bindiga, kuma duk daren da yara suka fara wannan abu, matar gidan takan kwashi 'ya'yanta ta shige ƙarƙashin gado. Wanda bai taɓa kwana yana jin harbi ba ba zai san abin da wannan ƙara take tayarwa ba.

Game da rantsuwar maigida, idan daga baya ya ga barin yarinyar ta je ya fi alheri, shari'a ba ta ƙulle shi ba. Zai yi kaffara kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Amma shawarata, Hajiya, kada ki kai masa wannan magana yanzu, yana kallon hannun ɗansa a naɗe.

Hajiya Ta Kumasi

Ina gaishe ku daga Zango. Mu a Ghana ranarmu 6 ga Maris ce, tun 1957 zamanin Kwame Nkrumah, kuma macin 'yan makaranta shi ne ƙashin bayan bikin. Maris a nan zafi ne sosai, yara suna faɗuwa kamar yadda Husna ta faɗi. A 2020 da aka kawo babban bikin Kumasi, a filin wasa na Baba Yara, jikata tana cikin masu maci, kuma abin da muka yi mu iyaye mata shi ne muka raba aiki tun daga gida: wance ita ce mai ruwa, wance ita ce mai ƙananan yara, ba ta kallon fareti, yara kawai take kallo. Maman Husna, ku manya uku ne da yara uku, amma babu wanda aka ce wa kai ne mai Sadiq, shi ya sa kowa ya zaci yana hannun wani. Kuma ki yi mini haƙuri, ya kamata a zaunar da Hajiya surukarki a gaya mata gaskiya a kan ƙwan nan, domin gobe ruwan zafi ne zai zubo wa wani jikan, ta sake yin abin da ta sani.

Maman Husna

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Hajiya ta Kumasi, maganarki a kan Sadiq gaskiya ce, ta kuma shige ni. Game da surukata, ina roƙon kada a ga laifinta. Ita ce ta fara isa wurin yaron lokacin da ni na daskare a tsaye, kuma abin da aka yi mata tana yarinya shi ta yi. Jiya da daddare na karanta mata bayanin Sista, ta yi shiru, sannan ta ce in sake karanta mata wurin minti ashirin ɗin. Ƙanin maigida kuma kullum yana zuwa kai Abba wankin ciwo a kan babur ɗinsa, ya kasa haɗa ido da yayansa, ni kuwa na san da alheri ya zo.

Yau an canza wa Abba bandeji, an ce yatsa biyu suna warkewa da kyau, na tsakiyan ne za a ci gaba da lura da shi. Da hagu yake cin abinci, kuma malaminsu ya yarda ya riƙa amsa tambayoyi da baki har ya warke. Ragowar kwalin na jiƙa shi a bokiti na kwana ɗaya kafin in zubar.

Baban Khalifa, ban da amsar da zan ba ka a kan mutumin da ya ce ya san gidanmu, domin ni ma shi nake gani idan na rufe ido. Abin da na yanke shi ne Sadiq ba zai sake shiga irin wannan taro ba sai ya iya faɗin sunan mahaifinsa da unguwarmu da lambar waya. Husna kuwa zan bi shawarar Malam, ba zan ta da maganar ba sai hannun Abba ya warke. Baba Hedimasta, akwai taron iyaye da malamai ranar Asabar ta sama, kuma ko da Husna za ta bar makarantar a ƙarshen shekara, ina so in tashi in yi maganar inuwa da ruwa da karin kumallo saboda na bayanta. Ban taɓa magana a taron ba. Idan ka yarda, zan karanta musu abin da ka rubuta yadda yake.

Tsohon Hedimasta

Na yarda, 'yata, ki karanta. Ki ƙara musu da cewa su nemi a faɗa musu lambar makarantarsu a jerin masu wucewa tun ana gobe, domin wanda yake na talatin ba shi da dalilin tashi tsaye tare da na farko. Kafin ranar taron ki sami iyaye biyu ko uku da 'ya'yansu suka tsaya a layin nan, ku shiga tare, kuma ki fara da gode wa malamar da ta ɗaga hannu. Ki gaishe mini da Husna, ki ce mata wani tsoho da ya yi maci ba takalmi a 1960 yana tambaya ko ta iya juyawar dama ba tare da ta kalli ƙafarta ba.